Idon da Ya Riga Naka

Shekaru kaɗan da suka wuce na sayi sabon sikirin na kwamfuta. Aikina rubuta manhaja ne, kuma yawancinmu a kan baƙin shafi muke rubutu don ido ya huta. A daren farko, da na kashe fitilar ɗaki, sai na hango wani ɗan koren ɗigo a gefen hagu, bai kai tsinin allura ba. Na goge da bakin riga, yana nan. Na kashe na sake kunnawa, yana nan. Daga wannan dare idona ya daina ganin komai a sikirin ɗin sai shi.

Washegari na mayar da shi shagon da na saya. Mai shagon ya kunna, ya sunkuya, ya karkata kai, da ƙyar ya gano abin da nake nuna masa. Sai ya ce, "Haba Malam, a kan wannan ka sha ranar nan? Ɗigo ɗaya ai ba aibi ba ne. Ko kamfanin ba zai karɓa ba." Na ɗauko kayana na fito ina ganin wayo ya yi mini.

Ashe gaskiya ya faɗa. A 2001 hukumar ISO, mai tsara ma'aunan kaya ta duniya, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 13406-2 wadda ta raba sikirin aji-aji gwargwadon lalatattun ɗigon da aka yarda a samu a jikinsa. A aji na ɗaya ba a yarda da ko guda ba. A aji na biyu, inda yawancin kayan kasuwa suke, an yarda a cikin kowane ɗigo miliyan ɗaya a samu biyu da ba sa mutuwa, biyu da ba sa kamawa, da ƙananan ɗigo biyar masu lahani. Sikirina yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Kowane ɗigo kuma 'yan uku ne, ja da kore da shuɗi, wato ƙananan ɗigo 6,220,800 ke nan. Ɗaya ne ya lalace a cikinsu, alhali ƙa'ida ta yafe har wajen goma.

Da na zauna na yi wannan lissafi sai fushina ya koma mamaki. A sana'armu da wuya mutum ya rubuta layi dubu bai yi kuskure ba. To ta yaya aka ƙera abu miliyan shida da ɗoriya, kowanne da makunninsa, ɗaya tak ya kuskure? Wa ya bi su ya duba? Amsar ita ce kyamara. Kafin idonka ya sauka a kan fuskar wayar da kake karanta wannan rubutu, wani ido ya riga shi, ya bi ta ɗigo-ɗigo a cikin masana'anta. Wannan ido yana da tarihi, kuma tarihin nasa a sarƙe yake da na sikirin ɗin da yake dubawa.

Haihuwa a jiha ɗaya

A 1888 wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya mai suna Friedrich Reinitzer yana bincike a birnin Prague a kan wani sinadari da ke da alaƙa da abin da ake samu a jikin karas. Ya lura idan ya ɗumama shi yakan narke ya zama ruwa mai gurɓi, sai an ƙara zafi sannan ya washe. Wannan hali na tsakiya, abu yana gudana kamar ruwa amma ƙwayoyinsa a jere suke kamar na daskararre, shi ne asalin sikirin ɗin da ake kira LCD. Shekara tamanin aka yi ba a san amfanin da za a yi da shi ba, sai a 1968 kamfanin RCA ya nuna wa duniya sikirin na farko da George Heilmeier da abokan aikinsa suka haɗa a ɗakin bincike na Princeton, a jihar New Jersey ta Amurka.

Shekara ɗaya bayan haka, a watan Oktoba na 1969, a wannan jihar dai, wasu masana biyu na ɗakin binciken Bell, Willard Boyle da George Smith, suka tsaya gaban allo suna neman sabuwar hanyar adana bayanan kwamfuta. Cikin kimanin awa ɗaya suka zana abin da aka sani yanzu da CCD. Ma'ajiya suka nufa, amma nan da nan aka gane cewa abin ya fi dacewa da ɗaukar hoto, kuma abokin aikinsu Michael Tompsett ne ya karkatar da shi can.

Ga yadda yake aiki. Ka ɗauka an jera kwanuka a tsakar gida layi-layi ana ruwan sama, ana so a san yawan ruwan da ya sauka a kowane gurbi. Da ruwa ya ɗauke, sai kowane kwano ya juye abin da ya tara a cikin na kusa da shi, layi bayan layi, har ya isa bakin ƙofa inda mutum ɗaya yake zaune da mudu ɗaya yana aunawa yana rubutawa. Kwanukan su ne ƙananan gurabe a jikin silikon, ruwan saman shi ne haske, abin da ake juyewa kuma cajin lantarki ne da hasken ya haifar. A riƙe batun mudu ɗayan nan, za mu dawo gare shi. Boyle da Smith sun sami kyautar Nobel a kan wannan aiki a 2009, shekara arba'in cif bayan zanen allon.

Ga sikiri ga ido, an haife su a jiha ɗaya shekara ɗaya tsakani, kuma babu wanda ya yi tunanin wata rana ɗaya zai zama mai gadin ɗaya.

Waɗanda suka yi reno

Amurka ta haifa, amma Japan ce ta yi yawancin renon. RCA bai ga riba a LCD ba, ya ja baya. Kamfanin Sharp ya ɗauka, a 1973 ya fitar da kalkuleta mai irin wannan fuska. A 1979 masana a Jami'ar Dundee ta Sikotilan, Peter LeComber da Walter Spear, suka nuna cewa ana iya shimfiɗa siririn silikon a kan gilashi a yi tiransista da shi. Da wannan aka iya ba kowane ƙaramin ɗigo makunninsa na kansa. A 1988 Sharp ya nuna sikirin mai launi na inci 14 da aka gina a kan wannan dabara, aka tabbatar cewa talabijin mai ƙaton ƙeya kwanansa ya kusa ƙarewa, ko da yake sai a ƙarshen 2007 cinikin talabijin na LCD ya zarce nasa.

A ɓangaren ido kuwa, Kazuo Iwama na kamfanin Sony ne ya dage. Ya sa injiniyoyinsa aikin CCD tun farkon shekarun 1970, aka yi ta zuba kuɗi ba riba, domin ƙura ƙwaya ɗaya takan ɓata abin da aka ƙera. Ya rasu a 1982 kafin a fara ƙera ta da yawa. Da aikin ya yi nasara, magajinsa Norio Ohga ya je ya liƙa CCD guda a jikin dutsen kabarinsa.

Akwai kuma gida na uku, kamfanin Kodak na birnin Rochester a jihar New York, sarkin fim na duniya a lokacin. A 1975 wani matashin injiniyansa, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko da CCD mai gurbi 100 a kwance 100 a tsaye, wato dubu goma. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto ɗaya a kan kaset. A 1986 Kodak ya ƙera ƙwayar idon kyamara mai gurbi miliyan 1.4. Irin waɗannan manyan ƙwayoyin ido sun yi tsada ga mai ɗaukar hoton biki, amma masana'antu da ɗakunan bincike sun iya saye.

Ƙura ƙwaya ɗaya

A farkon shekarun 1990, lokacin da kwamfutar tafi-da-gidanka mai launi ta fara shiga kasuwa, babbar matsalar masu ƙera sikirin ita ce asara. Kaso mai yawa na abin da suke ƙerawa shara yake tafiya, kuma mai saye ne yake biyan kuɗin wanda aka zubar. ThinkPad 700C da IBM ya fitar a 1992, mai sikirin inci 10.4, ya haura dala 4,000.

Dalilin asarar yana cikin yadda ake ƙirar. Ana ɗauko faifan gilashi da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, a shimfiɗa masa ƙarfe da silikon hawa-hawa, a zana siraran hanyoyin wuta da haske, a wanke, a sake shimfiɗawa. Faɗin waɗannan hanyoyi maikiron kaɗan ne, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin kai yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Idan ƙura ƙwaya ɗaya ta faɗa kan tiransista, ɗigo ya mutu. Idan ta faɗa kan hanyar wuta, layi guda ya tafi tun daga sama har ƙasa. Mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta yana yanka faifansa gida ɗaruruwa, idan ƙura ta ɓata biyar ya zubar ya sayar da sauran. Mai ƙera talabijin kuwa 'yan guntaye kaɗan yake yankawa daga faifai guda, don haka ƙura ɗaya tana iya cin kashi ɗaya cikin shida na aikinsa.

Maganin shi ne a gano lahani da wuri, tun gilashi bai yi nisa a layi ba, a kuma gano injin da ke jawo shi kafin ya ɓata faifai dubu. Idon mutum da madubin ƙara girma ba za su iya wannan ba. Sai aka waiwayi kamfanonin da suka riga suka iya duba allunan lantarki da kyamara. Orbotech na Isra'ila, wanda aka kafa a 1992 bayan haɗewar kamfanoni biyu masu wannan sana'a, ya zama babba a fagen. Photon Dynamics na California ya zo da wata dabarar: a ba tiransistocin wuta tun ba a zuba ruwan LCD ba, a kusanto da wani faranti mai mayar da ƙarfin wutar ya zama haske, kyamarar CCD ta ɗauki hotonsa. Da haka ake ganin ɗigon da zai mutu tun bai zama ɗigo ba. Orbotech ya saye Photon Dynamics a 2008, shi ma KLA na Amurka ya saye shi a 2019.

Yadda manhajar ke gane lahani yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa duba saƙar tabarma. Zane ɗaya ne ake ta maimaitawa, don haka ba sai an nuna maka tabarma marar aibi ba. Ka kwatanta kowane gida da maƙwabtansa, inda ya saɓa nan kuskuren yake. Haka kwamfuta take yi da hoton gilashin: ta cire hoton wannan gida daga na kusa da shi, idan wani abu ya rage ta yi alama.

Sai dai gilashin bai tsaya yadda yake ba. Don a rage tsada, kowane sabon zubi na masana'anta yana amfani da faifan da ya fi na baya girma, wanda suke kira uwar gilashi. A zubin farko girmanta wajen santimita 30 ne da 40, kamar faranti. A 2009 Sharp ya buɗe masana'anta a Sakai mai faifan milimita 2,880 da 3,130. A ƙarshen 2017 kamfanin BOE na ƙasar Sin ya buɗe tasa a Hefei mai 2,940 da 3,370, kusan girman ɗakin kwana, inda ake yanko talabijin takwas masu inci 65 daga faifai guda. Mu yi lissafi. Idan ana so kyamara ta ga duk wani abu mai faɗin maikiron biyar a wannan faifai, ana bukatar gurbin hoto kusan biliyan 400. Kyamarar waya mai megafiksel 50 sai ta ɗauki hoto kusan dubu takwas kafin ta gama faifai ɗaya, ga kuma na gaba yana tafe a kan layi.

Shi ya sa a wannan mataki ba a amfani da kyamara mai ɗaukar hoto gaba ɗaya. Ana jera kyamarori masu ganin siririn layi ɗaya, gilashi yana wucewa a ƙarƙashinsu, kamar yadda injin fotokwafi yake bin takarda. Matsalar ita ce gudu yana rage haske, domin kowane layi ɗan lokaci ƙalilan yake yi a gaban ido. A nan halin CCD na juye caji daga kwano zuwa kwano ya yi rana. Maimakon layi ɗaya sai a jera layuka da yawa, 96 ko 128 ko 256, a riƙa tura cajin gaba daidai da saurin gilashin. Kowane wuri a jikin gilashin sai cajinsa ya riƙa binsa yana ƙaruwa, kamar mai tallan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da motar da ta fara gangarawa har ya gama karɓar kuɗinsa. Ana kiran dabarar TDI, kuma kamfanin DALSA da Savvas Chamberlain ya kafa a Waterloo ta Kanada a 1980 yana cikin waɗanda suka yi suna da ita.

Gano lahani ya buɗe ƙofar gyara. Inda hanyoyi biyu suka haɗe, ana yanke su da hasken leza. Inda hanya ta katse, ana yi mata gada. Idan kuma ɗigo ya maƙale a kunne kuma ba ya gyaruwa, sau da yawa kashe shi ake yi da gangan, domin ido ya fi saurin kama ɗigo mai haske a kan ɗigo mai duhu. Koren ɗigona ya tsallake wannan hukunci ke nan.

Ɗakin duhu da mura

Bayan an haɗa gilasai biyu an yanka, sai mataki na ƙarshe: a kunna sikirin a duba shi yadda mai saye zai gan shi. Shekaru da yawa mutane ne suke wannan aiki. Ma'aikaci yana zaune a ɗaki mai duhu, sanye da rigar da ta rufe shi ruf, ana kawo masa sikirin ɗaya bayan ɗaya. A nuna fari, a nuna baƙi, ja, kore, shuɗi, ruwan toka. Ya duba ta gaba, ya duba ta gefe, ya yanke hukunci cikin daƙiƙoƙi, a kawo na gaba. Haka har a tashi.

Neman matattun ɗigo ya koma hannun kyamara cikin sauƙi, abin da yake bukata kawai yawan gurbi ne. Don a auna ƙaramin ɗigo ɗaya da kyau, sai gurabe da dama na kyamara sun kalle shi. Idan suka yi kaɗan, sai jerin ɗigon sikirin da jerin guraben kyamara su sarƙe su haifar da igiyoyin ƙarya, irin waɗanda kake gani idan ka ɗauki hoton talabijin da waya, ko ka ɗora gidan sauro a kan wani. Talabijin na 4K yana da ɗigo 8,294,400, ƙanana kusan miliyan 25. Ko gurbi huɗu-huɗu aka ba kowanne, an doshi miliyan 100. Na 8K ya ninka haka sau huɗu. Duk lokacin da masu talla suka ƙara wa sikirin kaifi, sai masu ƙera idon dubawa su koma ɗakin zane.

Akwai lahanin da yawan gurbi kaɗai bai isa ya kama shi ba. Japanawa suna kiransa mura, kuma da wannan suna duniya ta san shi, har a Koriya da Sin da Amurka. Ba murar da ke sa atishawa ba, a harshensu kalmar tana nufin rashin daidaito. Wanda ya taɓa kai ƙyalle marina ya san abin: babu huji, babu tabo, amma da ka shanya shi a rana sai ka ga shuni ya fi kama wani wuri, ya fito dabbare-dabbare. A sikirin, mura takan fito kamar gajimare ko zobe ko inuwar tsiri, saboda tazarar da ke tsakanin gilasai biyu ta ɗan bambanta ko wani shimfiɗi ya fi kauri a wani gefe. Babu ɗigo ko ɗaya da ya mutu. Bambancin hasken na iya zama kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, ba shi da gefe, kuma an fi ganinsa a kan ruwan toka mai duhu.

Idon mutum gwani ne wajen kama irin wannan, amma ba shi da alƙawari. Abin da ma'aikaci ya gani da safe yana iya wuce shi da yamma. Mai dubawa na kamfanin da ya ƙera ya ce lafiya, na kamfanin da zai saya ya ce a mayar, kuma babu mudun da za a ɗauko a raba gardama. A 2002 ƙungiyar SEMI, ta masu kayan ƙera lantarki, ta fitar da ma'auni mai suna SEMU. An samo shi ne daga gwajin mutane: a nuna musu tabo mai girma daban-daban, ana ƙara masa ƙarfi a hankali har su ce sun gani. Aka tabbatar cewa ƙaramin tabo sai ya yi ƙarfi kafin a lura da shi, babba kuwa ko ya yi laushi ana gani. Aka mayar da wannan lissafi aka ba kwamfuta. Wato da aka zo koya wa kyamara gane mura, idon mutum aka fara aunawa.

A nan ne mudu ɗayan nan ya yi amfani. Tun farkon shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa a ɗakin binciken JPL na hukumar NASA suka inganta wata irin ƙwayar ido, CMOS, wadda kowane kwano yake da ɗan ma'auninsa. Ta fi sauri, ta fi arha, ba ta shan batir, ita ce a cikin wayarka. Amma ma'auni miliyoyi ba sa zuwa daidai da juna, wato ita kanta tana da tata murar. Mai neman bambancin kashi ɗaya cikin ɗari ba zai so haka ba, don haka masu duba sikirin suka riƙe CCD shekaru bayan wayoyi sun bar ta. Duk da haka ita ma sai an gyara mata zama. Ana sanyaya ta don rage hayaniyar da zafi ke jawowa, ana nuna mata haske madaidaici a rubuta inda take kuskure, a riƙa cirewa daga kowane hoto.

A wancan lokaci, da yawa daga cikin waɗannan manyan CCD daga Rochester suke fitowa. Kodak ya sayar da sashen a 2011, watanni kaɗan kafin ya nemi kariyar kotu saboda bashi a Janairun 2012. Sashen ya koma Truesense, sannan ON Semiconductor ya saye shi a 2014. A 2018 suka fitar da wata mai gurbi miliyan 50, wadda tsawonta ya ɗan haura ninki biyu na faɗinta, an yanka ta daidai siffar wayoyin zamani don kada gurbi ko ɗaya ya tafi a banza. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin ya sanar zai daina ƙera CCD. Sony ya riga ya yi irin wannan sanarwa tun 2015. CMOS ta kamo ta a inganci, ta kuma wuce ta a girma: Sony yana da mai gurbi miliyan 151 da ake sa wa a kyamarorin duba sikirin, Canon kuma ya fitar da mai miliyan 250 a 2020.

Daga alƙali zuwa likita

A Kodak ɗin dai, a 1987, Ching Tang da Steven Van Slyke suka nuna wani siririn shimfiɗi mai ba da haske da kansa idan wuta ta ratsa shi. Shi ne OLED, wanda yau yake fuskar manyan wayoyi da matsakaita da yawa. Kodak ya sayar da wannan sashe ga LG a 2009. Kamfani ɗaya ke nan ya fara kyamarar dijital, ya fara OLED, ya ƙera idon da ke duba su, amma wasu suka ci gajiyar.

OLED ya zo da sabuwar matsala. A LCD fitila ɗaya ce a baya, ɗigon tagogi ne kawai masu buɗewa da rufewa. A OLED kowane ƙaramin ɗigo fitila ce mai zaman kanta, kuma haskenta ya dogara da yawan wutar da tiransistarta ta sake. Tiransistoci miliyoyi ba sa fitowa iri ɗaya. Idan aka kunna sabon sikirin na OLED a kan ruwan toka yadda ya fito daga layi, sau da yawa sai a gan shi tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. Da za a zubar da duk mai irin wannan, da farashin wayar ya fi ƙarfin kusan kowa.

Sai aikin kyamara ya sauya. Ana kunna sikirin a matakan haske daban-daban, ja daban, kore daban, shuɗi daban, kyamara ta auna hasken kowane ɗigo. Kwamfuta ta lissafa: wannan ya cika haske, a rage masa kaza, wancan ya yi rauni, a ƙara masa kaza. A matse wannan jadawali a rubuta shi a cikin wata 'yar ma'ajiya da ke liƙe da sikirin ɗin. Daga ranar, duk hoton da za a nuna sai ya bi ta jadawalin tukuna. Ana kiran wannan aiki demura, cire mura ke nan, kuma ana yi wa talabijin na LCD ma.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin nan. Fuskar wayar da kake gani sumul ba a haife ta sumul ba. Tana ɗauke da rubutaccen bayanin lahaninta, wanda wata kyamara ta ɗauka sau ɗaya a wata masana'anta a Koriya ko Sin, kuma da shi take rufe lahanin duk lokacin da ka kunna ta.

Masana'antun da kansu sun yi ƙaura a tsawon wannan lokaci, daga Japan zuwa Koriya ta Kudu da Taiwan, daga nan zuwa Sin. Samsung ya daina ƙera LCD a 2022, masana'antar Sakai ta daina ƙera manyan sikirin na talabijin a 2024. Kalmar mura dai ta bi su duk inda suka je. Yanzu manhajoji masu koyo daga misalai ne ke rarrabe lahani, amma misalan da suke koyo da su mutane ne suka yi musu alama, suka ce wannan aibi ne, wannan ba aibi ba.

Akwai kuma hukuncin da kyamara ba ta yankewa. Ita aunawa take yi, ta ba da lamba. Wani mutum ne yake zama ya rubuta inda iyaka take. Idan ya tsananta, za a ajiye kaya masu kyau a gefe, farashi ya tashi. Idan ya sassauta, lahani zai isa hannun mai saye. Kuma abin da bai kai ajin farko ba, ba duka ake zubarwa ba. Ana ba shi aji na ƙasa a sayar da rahusa ga masu haɗa kaya masu arha. Don haka idan wayarka ta fashe, mai gyara ya ajiye maka sikirin biyu ya ce wannan orijinal ne wannan kuma ya fi sauƙin kuɗi, wani ɓangare na bambancin kuɗin yana komawa ga tsananin dubawar da kowanne ya sha. Kana iya yin abin da ma'aikacin ɗakin duhu yake yi kafin ka biya: ka nemi inuwa, ka buɗe hoto fari sol, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi, daga ƙarshe ruwan toka tare da rage hasken wayar, ka karkata ta ka duba ta gefe.

Sikirina yana nan a kan tebur, koren ɗigon ma yana nan. Tabbas wata kyamara ta gan shi kafin ni, ta rubuta layinsa da gurbinsa, wata manhaja ta kwatanta shi da iyakar da aka ba ta, ta ce ya wuce. Ni ma na sha rubuta irin wannan layi a aikina, inda lamba ɗaya take raba abin da za a karɓa da abin da za a mayar, kuma ban cika tunanin wanda zai zauna da sakamakon a ɗakinsa da dare ba. Yanzu ina yi.